Naman Saniyar Manu

A Talata Mafara ba a taɓa yin mace mai zargi kamar Turai mai tuwo ba. Ko gaishe ta ka yi da fara'a, sai ta tsaya tunanin abin da ka zo nema. Lokacin da ake gina madatsar Bakolori ita ke ciyar da leburori a rumfarta ta bakin tasha, kuma mahauta sun sha wuya a hannunta. Ba ta sayen naman da ba ta ga hanta da saifarsa ba. Sai ta latsa, ta shinshina, sannan ta kafe mahauci da ido har ya fara rantsuwar da ba a sa shi ba. Suna zaginta a bayan ido, amma dai ba a taɓa jin wanda ya ci tuwonta ya kwanta ba, kuma da wannan take taƙama.

Mutum ɗaya ne zarginta bai taɓa hawa kansa ba: ƙanenta Manu, wanda ita ta goya shi. Ruwan madatsa ya cinye gonarsa ta wajen Maradun, aka mayar da su kan tudu mai tsakuwa, shanunsa suka ƙare saura saniya guda.

Wata ranar kasuwa sai ga shi da nama a buhu. Suka gaisa, ta tambayi iyali, ya sauke buhun yana kallon ƙasa.

"Yaya, na yanka ta. Ki ɗauka ki yi miya."

Turai ta dubi buhun. Wa ke yanka saniyarsa ta ƙarshe ba suna ba biki?

"Mi yas same ta?"

"Ba komi. Kwantawa ta yi da safe. Amma wallahi da ranta munka sa wuƙa, ta shura, liman na tsaye. Halal ta."

Haka ake yi a ƙauye: dabba na faɗuwa a ruga da wuƙa kafin ta zama mushe, in an riga mutuwa shi ke nan an huta. Turai ta kwance buhun. Jinin baƙi ne, ya ƙi daskarewa. Ta laluba ba ta ga saifa ba.

"Ina saifa, Manu?"

Ya ce ta kumbura ne, ya jefa wa karnuka. Turai ta san alamun nan: ciwon saifa ne, mai kashe dabba har da wanda ya ci namanta.

Ranta ya ɓaci, tausayi kuma ya kama ta, don ta san babu abin da ya rage masa. Duk da haka ta ce naman nan ba zai shiga tukunyarta ba, ba kuma zai shiga kasuwa ba. Malamin dabbobi za ta kira a haƙa rami a binne. Manu ya ce ashe har shi ma zarginta ya hau kansa. Ta ci gaba da juya naman, sai hannunta ya tsaya.

"Cinya guda nika gani. Ina gudar?"

"Na bar ma ɗiyana. Rabonsu da nama tun kahin ruwa ya tashe mu."

Turai ta bar tuwo a kan wuta, leburori na kiranta, ta tare motar yashi mai zuwa Maradun. Duk hanya tana roƙon Allah ya sa matar Manu ba ta samu itace ba.

Da ta shiga gidan, yaran suka rugo suna murna, bakinsu duk maiƙo. Tukunya na kife a gindin murhu, an riga an wanke ta.