Ba Noelene Ce Ta Ɗaure Sukurun Ba

Kun san ta. Kada wanda ya ce bai san ta ba. Duk wanda ya taɓa ɗaukar allunan sulu a kan ƙanƙara daga shagon bakin gada, ya hau dutse ya sauko da ƙafafunsa biyu lafiya, to hannun Noelene Brandl ya bi ta kan allunan nan. Amma shekara tara ke nan kuna wuce 'yar tagar nan da ke daidai da ƙasa, kuna hango farin kanta a sunkuye, kuna kawar da fuska kamar an kira ku a waya. Kun san abin da ya kai ta ɗakin ƙasa. Dukanmu mun sani.

Ƙarfe shida saura na safe take ajiye tsohuwar a-kori-kurarta a bayan shago, tun motocin da ke daɓe ƙanƙarar gangare ba su gama aikinsu a kan dutse ba. Ta hura wa kwaɗon ƙofa numfashi don ƙanƙarar da ta kama shi ta saki, ta sauka matakala goma sha huɗu, ta kunna rediyo, ta jona dutsen gugar da take narka kaki da shi. Shayi yana cikin filas, sau da yawa sai ya huce ba ta tuna da shi ba. Ta ɗauki allon farko, ta goga farcen babban yatsanta a gefensa. In ya kankari farcen, ya wuce. In bai kankara ba, sai magagari. Haka za ta yi ta yi har rana ta faɗi, daga Yuni zuwa ƙarshen Satumba. Shekarunta sittin da shida, arba'in da ɗaya daga ciki a wannan aiki. A hannun ubanta ta koya, mutumin Ostiriya da ya zo haƙa ramukan ruwa a duwatsun nan ya ƙi komawa.

Sai dai ba wasa gefen allo ne ya sa aka san ta ba. Zaɓe ne. Shekara talatin da biyu tana tsaye a kantar sama, kuma babu wanda ya kai ta sanin allon da ya dace da ƙafar mutum a daɓaɓɓen gangare. Ba ta fara duban allo, takalmin da ka shigo da shi take duba, ta ga ta wane gefe dunduniyarsa ta cinye. Sai ta sa ka hau sikeli. Sai ta ce ka sauka matakala uku ka dawo, tana kallon gwiwoyinka. Daga nan ta juya ta zaro allo mai siririn ƙugu, wanda gefensa zai kama ƙanƙara mai tauri ya yanka ta kamar wuƙa a sabulu, ta tsayar da shi a gabanka. In ya wuce hancinka alhali kai ba gwani ba ne, ya koma inda ya fito.

Des Pokorny, direban bas ɗin da ke kai mutane gindin dutse, yana nan ranar da wani lauya daga Sydney ya nuna jan allo dogo mai tauri irin na 'yan tsere.

"Wancan nake so," in ji lauyan.

"Ni ma ina son jirgin sama, ɗana," in ji Noelene, "amma ban iya tuƙa shi ba. Kwana nawa ka yi a kan ƙanƙara bara?"

"Kamar goma."

"Matarka ta ɗaga yatsu uku a bayanka."

Shago ya ɗauki dariya, har da lauyan. Ta ba shi gajere mai laushi. Da yamma ya dawo da kwalin cakulan, yana cewa yau ne ya fara jin allo yana juya shi maimakon shi ya yi ta kokawa da allo. Marg Fennessy kuwa, malamar firamare da ta koyar da rabin garin nan, ta rantse ta bar sulu bayan wata faɗuwa tana da shekara sittin. Noelene ta kai mata allo har gida, ta jingine a bakin ƙofa, ta ce, "Ki gwada sau ɗaya, in bai yi ba ki yi shingen kaji da shi." Yau Marg tana da saba'in da huɗu, kuma ita ce ta farko a layi duk safiyar Talata.

To ga ciwonmu. A kan kantar shagon akwai takardar da kowa ke cikawa kafin a saita masa maƙalin takalmi, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafa a kan allo ya kuma sake ta in an faɗi. Ana rubuta shekaru da nauyi, sannan a zaɓi ɗaya cikin uku: ɗan koyo, matsakaici, gwani. Baƙi sukan faɗi gaskiya, ko kusa da ita. Amma namijin da aka haifa a garin nan ba ya zaɓar komai sai gwani, ko da rabonsa da hawa dutse tun aurensa. Abin kunya ne a wurinmu a ga ɗan gari ya sa hannu a akwatin tsakiya. Mun mayar da ƙarya gado, muna yi mata dariya a mashaya. Alhali da abin da ka rubuta ake ɗaure sukurun maƙali. Ka ce kai gwani ne mai nauyi, a ɗaure shi tamau, ka faɗi, allo ya ƙi sakin ka. A lokacin ƙarfe ba ya karyewa. Ƙafa ce ke karyewa.

Ranar Asabar ɗin da aka buɗe kakar sulu, shekara tara da suka wuce, Graeme Tulloch ya shigo. Shi ne shugaban ƙungiyar sulu ta gari a lokacin, tsohon zakara, hotonsa na rataye a bangon mashaya. Ya yi shekara shida bai hau dutse ba, ya kuma tashi daga doguwar jinya da ta rage masa kilo goma sha biyar. Ya cika takarda da nauyinsa na da, ya zaɓi gwani. Mutum goma sha ɗaya ne a layi.

"Hau sikeli, Graeme," in ji Noelene.

"Haba Noels, tun kina goyo nake tsere a dutsen nan."

"Ajinmu ɗaya a makaranta, tsohon maƙaryaci. Hau."

Ya ƙi. Ba ta tsananta ba, don ta ga yadda wandonsa ke yawo a jikinsa, ta kuma ga idanun da ke kansa. Ta yi ƙasa da murya ta ce bana gajeren allo zai ɗauka, baɗi a sake magana. Ya ce ko jan nan dogo ko babu. Mai shago ya leƙo daga ofis ya ce a ba shugaba abin da yake so. Ta miƙa masa allon, amma ta saita maƙalin a kan biyar, daidai da jikin da idonta ya auna.

Graeme ya duba lambar ya yi tsaki. "Biyar? Na jikata ne wannan?"

Ya miƙa hannu ya ɗauki sukundireban da ke kan kantar, ya murɗa sukurun har lamba ta kai tara, gaba da baya, allo biyu. Noelene ta ce, "Ka ajiye, Graeme. Wannan ba zai sake ka ba." Sau biyu ta faɗa. Wani a layi ya ce, "Bar shi, Noels, tsohon doki ya san hanya." Aka yi dariya. Mai wannan rubutu yana cikin waɗanda suka yi ta.

Kafin azahar aka sauko da shi a kan gadon da ake jan wanda ya ji rauni. Gwiwa ta murɗe, ƙashin ƙwauri ya karye gida biyu. Har yau da sanda yake tafiya.

Kafin Litinin labari ya gama gari: tsohuwar ta ɗaure wa Graeme maƙali fiye da kima, ido ya fara gaza mata. Ba Graeme ne ya fara faɗa ba, a yi masa adalci. Shiru kawai ya yi da aka faɗa a gabansa. Mai shago, wanda ya san da bakinsa ya ba da umarni, ya ga hanya mafi sauƙi ita ce ya sauke ta daga kantar sama ya mayar da ita ɗakin ƙasa, "har ƙura ta lafa." Mutum goma sha ɗaya sun ga hannun da ya riƙe sukundireba. Kowa ya ce wani zai faɗa. Wannan yana neman ɗansa ya shiga ƙungiya, wancan Graeme ne ya yi masa alkunya a wani abu, wata ta ce ba ta son tashin hankali. Kaka ta wuce, wata ta zo. Ƙura ta lafa, ba wanda ya ce ta hau.

Des ne kaɗai abin ya hana sakat. A watan jiya ya sauka matakalan nan, ya tarar da ita tana shafa kaki a allunan 'yar Graeme, waɗanda take gyarawa duk shekara ba tare da ta ce uffan ba.

"Noels, me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Rufe ƙofar, kana shigo min da sanyi." Ta ci gaba da guga. "Mutum ya rasa gwiwa, Des. In ƙara masa da kunya?"

"Ke kuma sunanki fa?"

"Ai ba ni kaɗai ke da baki a shagon ba ranar." Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. "Kai ma kana nan, da hularka mai kunnuwa."

Des ya ce da ta mare shi da ya fi masa sauƙi. Har ya juya zai fita ta ƙara da cewa, "Abu ɗaya ke damuna. Ni na bar sukundireban a inda hannunsa zai kai."

Kun ji? Ita ce ke neman laifinta, mu kuwa muna barci lafiya.

Noelene, ke ce kika ƙi sayar mana da abin da zai karya mu, ko da mun zo da fushi da kuɗi a hannu. Ke ce mai ido a dunduniyar takalmi. Kin faɗa wa babban mutum gaskiya da ƙaramar murya don kada ya muzanta, muka saka miki da ɗakin da rana ba ta shiga. Kin yi shekara tara kina wasa allunan waɗanda suka yi miki shiru, ba ki taɓa barin gefe ɗaya da dakushi ba. Mun gode. Mun san godiyar ta zo a makare, ta kuma yi kaɗan.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye magagari. Des ya kai sunanta gaban ƙungiya don a sa ta cikin masu lambar girma ta har abada, kwamiti ya ce a dakata, "saboda abin nan da ya faru." Wato za ta fita daga shagon nan a matsayin matar da ta karya ƙafar Graeme Tulloch, kuma haka jikokinmu za su ji.

Asabar mai zuwa, ƙarfe biyu na rana, akwai babban taron ƙungiya a zauren da ke bayan filin ƙwallo. Cikin mutum goma sha ɗayan nan biyu sun rasu, ɗaya ya koma Perth. Saura takwas. Biyu sun riga sun yi alkawarin tashi tsaye. Ku shidan da kuka rage, kun san kanku, ba sai an jera sunaye a jarida ba. Graeme, kai ma an ajiye maka kujera a gaba, kusa da ƙofa, don kada sanda ta wahalar da kai. Sauranku da kuka ji kuka maimaita, ku zo ku ji gyara da kunnen da kuka ji ƙarya.

Kada ku aiko da fure. Kada ku haɗa mata kati. Ku zo, ku miƙe a gabanta, ku faɗi wanda ya murɗa sukurun.