Gwangwanin Maɓallan Baba Tela

Shekara arba'in Baba Tela ya yi a shago ɗaya, kan kujera ɗaya, har kujerar ta ɗauki siffarsa. Bai yi boko mai nisa ba, amma in ya kalli ƙugun mutum sau ɗaya zai faɗi awonsa, ya ƙara inci biyu don mutunci.

Autarsa ce damuwarsa. Shekara tara tana shara a wani asibiti, ranta na kan aikin jinya. Sau biyu lissafi yana kayar da ita a jarrabawar shiga makarantar koyon jinya, kuma in ta sake faɗuwa bana, shekarunta sun haura ƙa'ida.

Wata ranar Asabar da hantsi ta zauna a kan bencin shagon da littafi, tana karatu tana tsaki.

"Baba, ji rainin wayo. Wai ƙwallo biyar ja, uku shuɗi a jaka. Mutum ya zaro biyu bai duba ba."

"Me ya hana shi dubawa? Surukarsa ce a ciki?"

"Baba, don Allah! Ni ba wasa nake yi ba."

Ya jawo tsohon gwangwanin madara da yake tara maɓallai, ya sa ta ware baƙaƙe biyar da masu ruwan ƙasa uku ta zuba a hularsa.

"In zaro baƙi, nawa cikin nawa?"

"Biyar cikin takwas."

Ya zaro, ya miƙa mata ta ce baƙi ne, ya ɗinka shi a wata riga nan take. "To, na biyu?"

"Biyar cikin takwas mana."

"Kai, Auta! Wanda na ɗinka ɗin, da ƙafa zai koma hular? Huɗu cikin bakwai, 'yar nan. Abin da ya fita ya fita."

Ta leƙa hular, ta dubi littafinta. Kuskuren da ya cinye mata shekara biyu ke nan, ga shi rataye a wuyan rigar wani.

"A ina ka koyi wannan?"

Baba Tela ya sosa ƙeya. Abin da ya ɓoye wa kowa, har uwar 'ya'yansa, shi ne amsar.

"Tun bara baƙi da ruwan ƙasa suka zama tagwaye a idona. Kullum zarowa nake ban gani ba. Duk wanda na dace, na san sa'ar na gaba ta ragu."

"Shi ya sa rigar mijin Yaya..."

"Rufa min asiri. Ya ɗauka sabon yayi ne."

Ta yi dariya har da ƙwalla, kuma ba duka ƙwallar ce ta dariya ba. Wata uku suka yi a haka: ita ta ware masa maɓallai, shi ya ware mata tambayoyi. Wadda ta fi ƙarfinsa sai ya ce mai littafin ne bai iya tambaya ba.

Ranar da sakamako ya fito, da gudu ta shigo shagon, takalmi ɗaya a hannu, ta danƙa masa takardar. Ya kai ta kusa da hanci, ya nisanta ta, ya juya ta.

"Karanta min, Auta. A hankali."

Ta karanta.

"Alhamdulillahi," in ji shi. "Sake. Wurin lissafin nan ban ji da kyau ba."