Sun Sayi Shirin, Sun Bar Yaya Bitrus

Shekara tara ke nan da muka binne yayana Bitrus a nan London, amma har yau in na ji ana yabon shirin nan na Amurka sai raina ya ɓaci.

Tsofaffin mazauna Plumstead za su tuna shi. Direban bas ne, mutumin Kafanchan, da ya shiga wasan kwaikwayo da furfurarsa. Ya samu gurbi a wani shirin barkwanci na talabijin ɗin Birtaniya, labarin 'yan haya a tsohon ginin council, irin gidajen hayar ƙaramar hukuma. Shi ne mai kula da ginin. Magana kaɗan aka rubuta masa, sai ya riƙa ƙara gunaguni da Hausa duk sanda 'yan haya suka dame shi. Turawa ba sa jin abin da yake cewa, amma suna dariya, mu kuwa har da hawaye. Aka faɗaɗa masa rawar, ya ajiye tuƙi.

Ana cikin haka Amurkawa suka sayi shirin don su sake yin nasu. Ya zo flat ɗina yana murmushi.

"Ladi, sun ce in yi audition, wai sai sun gwada ni kafin su ɗauke ni."

Na ce, "Na me kuma, Yaya? Ba kai ka haifi mai kula da ginin nan ba?"

Ya yi, ya aika musu. Amsar da ta dawo ita ce wai muryarsa ba ta yi kama da ta ɗan Afirka ba. Suka ba da rawar ga wani matashi da bai taɓa taka Afirka ba, yana zazzare ido yana surutun da ba yaren kowa ba ne. Bayan shekara aka yi cancel ɗin na nan Birtaniya, aka daina yin sa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Yaya ya koma tuƙin bas. Sau ɗaya na ga idonsa ya kaɗa, ranar da wata fasinja ta ce masa ya iya kwaikwayon Ba'amurken nan sosai. Hawan jini ya ɗauke shi bayan shekara biyu.

Yau na Amurka yana cikin wayar kowa, na asalin ko neman sa ka yi ba ka samu. Da yana raye, na san cewa zai yi in yi haƙuri, kamar yadda ake ta faɗa mini a coci. Shi ya iya. Ni ban iya ba.

Me ya rage? Faifai shida na shirin da matarsa ta adana. Bana 'yarsa Rahila, da ba ta amsa Hausa sai da Turanci, ta zauna ta kalle su duka. Da ta gama sai ta ce, "Gwaggo, ashe haka Baba yake?"

Direban bas mai shiru kawai ta sani.