Ranar da Baba Ya Yi Mana Tafinta a Wadi Hanifa

A shekararmu ta uku a Riyad, lokacin maigidana yana aiki a ofishin jakadanci, muka samo wa iyayenmu maza bizar ziyara. Iyayenmu mata sun riga sun zo a shekarar da ta gabata. Mahaifina da mahaifin maigidan suka taso a jirgi ɗaya, suka yi Umara, sannan suka sauka gidanmu na unguwar Nasiriyya da niyyar yin mako uku. Nawa ina ce masa Baba, surukina kuwa Alhaji.

Aji ɗaya suka yi a sakandare. Baba Bazazzagi ne, Alhaji Bakano, don haka kunyar surukuta ba ta samu wurin zama a tsakaninsu ba, wasan Kanawa da Zagezagi ya riga ta. Bayan sakandare gwamnati ta tura Baba Tarayyar Sobiyet ya karanto aikin narka ƙarfe, ta tura Alhaji Amurka ya karanto aikin gona. Kowa ya dawo da takardarsa, da kuma son ƙasar da ta koyar da shi.

A tsakiyar sanyi suka zo. Wanda bai zauna Riyad ba ba ya yarda in ka ce masa sanyin garin yana ratsa ƙashi. Safiyar farko Baba ya fito karin kumallo sanye da wata hula mai gashi, kunnuwanta biyu suna reto, wadda ya sayo a Mosko shekara arba'in da suka wuce. Alhaji ya ajiye kofin shayinsa ya ƙare masa kallo.

"Injiniya, wace dabba ce ta mutu a kanka?"

"Wannan hular ta ga sanyin da in kai ne, da tuni an yi sadakar bakwai," in ji Baba.

"'Yan gurguzu ke nan. Sun raba talauci daidai wa daida, sun bi kowa da hula."

"Ku kuma 'yan jari-hujja, ko sanyin nan kuka samu sai kun ɗura a kwalba kun sayar. Balle an haɗa Amurka da jinin Kano."

Ina kicin ina juya ƙosai, sai da na kashe wuta don dariya.

Da rana aka nuno a labarai Rasha da Amurka suna musayar baƙaƙen maganganu a kan Siriya. Nan wasan ya koma musu na gaske, kuma shi suka ci gaba da yi har kwana goma: wa ya fara ɓata tsakani bayan ƙasashen biyu sun haɗa kai sun ci Jamus da yaƙi?

Alhaji ya ce laifin Sobiyet ne. An yi da su za a bar mutanen Poland da maƙwabtansu su zaɓi shugabanninsu, amma da sojojinsu suka shiga sai suka ƙi fita, suka ɗora nasu a kan mulki. Bayan haka suka toshe hanyoyin Berlin, har sai da aka riƙa kai wa mutane abinci da gawayi ta jirgin sama.

Baba ya ce Alhaji ya fara labarin daga tsakiya. Miliyoyin mutanen Sobiyet sun mutu a yaƙin, kuma sun yi shekaru suna roƙon ƙawayen su faɗa wa Jamus ta yamma, ana ce musu sai baɗi. Amurka ta ƙera bam ɗin ƙare-dangi a ɓoye, ana gama yaƙi ta yanke musu taimako, ta koma tana gina ɓangarenta na Jamus. "Mutumin da aka shigo masa gida ta ƙofa ɗaya har sau biyu," in ji Baba, "kana mamakin ya tsaya a bakin ƙofar da sanda?"

"Ƙofar gidan maƙwabcinsa ya tsaya," in ji Alhaji.

Da suka gaji suka tuna ni malamar tarihi ce kafin mu baro gida. Alhaji ya kira ni falo ya ce, "'Yata, zauna ki raba mu. Kada ki duba uba, kada ki duba suruki."

Na zauna a ƙasa gefen kujera. Na ce tun kafin yaƙin ba su yarda da juna ba, domin kowanne yana ganin tsarin ɗayan so yake ya shafe nasa. Abokin gaba ɗaya ne ya haɗa su, da ya faɗi kuwa ba abin da ya rage sai tsohon zargi, ga kuma Turai a kwance ba mai ita. Suka saurare ni har ƙarshe. Baba ya ce na yi magana irin ta matar ɗan diflomasiyya. Alhaji ya ce wannan karon ya yarda da Bazazzagi.

Juma'ar da ta biyo, bayan an sauko masallaci, muka ɗauke su zuwa Wadi Hanifa, can wajen Dir'iyya. Na yi masa da miyar taushe, maigidan ya tsaya ya sayo gasasshiyar kaza da dabino. Rana ta fito amma iska na da sanyi, kwarin cike da iyalai, kowa da shimfiɗarsa da butar gahawa. Muka samu gindin bishiya kusa da ruwa muka baje.

Ba mu daɗe ba sai wani mutum fari, mai furfura, ya taso daga shimfiɗar da ke kusa da tamu. Ya yi sallama, ya nuna hular Baba, ya faɗi wata magana da murmushi. Ban gane ko kalma ɗaya ba. Sai na ga Baba ya miƙe zumbur kamar saurayi, ya buɗe baki, wani yare ya ɓarke daga cikinsa. Tun da nake ban taɓa jin ya yi Rashanci da kowa ba. Na san ya iya, kamar yadda na san yana da digiri a cikin akwati. Muryarsa ma ta canza, ta yi kauri, hannayensa suna ta yawo. Suka rungume juna.

Ashe mutumin likitan ido ne daga Uzbekistan, yana aiki a wani asibiti a garin. Ya kira matarsa, suka jawo shimfiɗarsu kusa. Ita ta zauna wajena, muka shiga lallaɓawa da Larabcinmu na kasuwa, ta ɗanɗana masar da na kawo ta ɗaga gira ta ƙara ɗaukar wata.

Alhaji bai bar damar ta wuce ba. "Injiniya, ga ɗan gida Allah ya kawo. Tambaye shi, wa ya fara?"

Baba ya tambaya. Likita ya yi dariya, sannan ya gyara zama ya shiga bayani. Ya daɗe yana magana. A wani wurin ya rage murya ya waiwaya bayansa, a wani wurin ya riƙa yin kamar yana tona ƙasa da hannu.

Baba ya juyo ya ce, "Ya ce mahaifinsa soja ne a yaƙin. Sun haɗu da sojojin Amurka a bakin wani kogi a Jamus, aka yi ta murna. Wani Ba'amurke ya ba shi 'yar wuƙa mai naɗewa, ya ajiye ta har tsufansa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Bawan Allahn nan ya fi minti biyar yana magana, har da haƙa rami, kai ka ba mu abin da bai cika cokali ba. Ina sauran?" Alhaji ya juya wajen ɗansa. "Kai, ba ka iya Larabci ba? Ce ya maimaita."

Maigidana ya dubi mahaifinsa, ya dubi surukinsa, ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina zuba miya. Da ya ga ba mai cetonsa, ya roƙi likita cikin ladabi ya sake faɗa da Larabci, shi kuma ya mayar mana da Hausa, idonsa a kan tabarma.

Maganar wuƙar gaskiya ce. Amma bayan shekara biyu ko uku jaridu suka fara kiran Amurkawa abokan gaba. Wani maƙwabcinsu da ya yabi motocin Amurka a wurin shan shayi, aka zo aka tafi da shi, ya yi shekaru bai dawo ba. Tsoro ya sa mahaifin likita ya naɗe wuƙar a tsumma ya binne a gindin inabin gidansu. Sai da ya tsufa, zamani ya sauya, sannan ya sa aka tono ta.

Alhaji ya tafa hannu. "Tafinta ya ci rabin saƙo!"

"Rashancin ne ya yi tsatsa," in ji Baba, amma dariya ta hana shi ƙarasawa. Da aka gaya wa likita abin da ya faru, ya yi ta dariya har da share hawaye, matarsa tana dukan kafaɗata.

Da dariyar ta lafa, Alhaji ya ɗauki dabino yana juya shi a hannunsa. Sannan ya ce, "To bari in faɗi nawa, kada a ce Bakano ya ci riba biyu. Tsohon da na zauna gidansa a Amurka, da can malamin makaranta ne. Lokacin yaƙi ya tara wa Rashawa barguna, har aka yaba masa. Bayan 'yan shekaru, a kan bargunan nan aka kira shi aka yi ta yi masa tambayoyi, aikin ya bar hannunsa. Gyaran keke yake yi lokacin da na san shi."

"Shekara arba'in kana ɓoye min wannan?" in ji Baba.

"Na san abin da za ka yi da shi."

Wannan kam Baba ya fassara wa likita kaf, har da ƙari. Likita ya gyaɗa kai. Ya ce mahaifinsa ya sha faɗa cewa sojan da ya gani a bakin kogi bai fi shekara ashirin ba, yunwa yake ji, gida yake son komawa, kamar shi. Manyan ne kowanne ya ga ɗayan ya fito daga yaƙi da ƙarfi, sai tsoro ya kama shi, duk katangar da wannan ya ja don kare kansa, wancan ya ɗauka shirin kawo masa hari ne. Baba ya ce ai abin da yake faɗa ke nan. Alhaji ya ce a'a, abin da shi yake faɗa ne.

Kafin mu tashi suka gayyace mu gidansu a unguwar Badi'a. Ranar Asabar muka je, aka kawo shinkafar ƙasarsu a faranti guda, da naman rago da karas da tafarnuwa dunƙule-dunƙule. Baba yana jin ƙamshin ya tsaya cak a bakin ƙofa. Ya ce abokan ɗakinsa a makaranta irinta suke dafawa duk ranar da aka gama jarrabawa. Ya ci har ya jingina da bango, Alhaji ma bai yi wasa ba.

A hanyar dawowa na zauna baya tare da Baba. Yana ta magana, ba mai tsayar da shi: yadda suke gane lokacin salla in rana ta ƙi faɗuwa a bazara, da wata tsohuwa mai gadin ƙofar ɗakunansu da ta saƙa masa safa don tana tsoron kada ɗan Afirka ya mutu a hannunta. Ya nuna min wani tabo a wuyan hannunsa ya ce a kan ƙanƙara ya faɗi, garin koyon zamiya da takalmin ƙarfe.

"Baba, kai ɗin? Zamiya?"

"Har na iya juyawa da baya," ya ce.

Tun ina ƙarama nake ganin tabon nan in yana alwala, ban taɓa tambaya ba. Na ce ya ba ni labarin daga farko. Maigidan ya rage gudu, ya wuce kwanar gidanmu, ya bi doguwar hanya.