Kawu Mai Hoto, Wanda Ya Kafe Mana Mota a Rairayi

Da safiyar Talata, sha biyu ga watan Maris, Allah ya karɓi ran kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda garin nan ya sani da Mai Hoto. Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za mu koma. Ya rasu a gida bayan jinya mai tsawo, da hasken safiya a tagarsa, irin hasken da ya sha cewa ba a ɓata shi da barci.

Kawu, na san da za ka ga wannan rubutu, da ka ce, "Farfesa, kin cika tsawaitawa." Tun ranar da na shiga jami'a ka liƙa mini sunan nan, kuma ka riga jami'ar da shekaru masu yawa, don har yau ba ta ba ni shi ba.

Lokacin da ka buɗe shagonka, kowane mai hoto a garin nan yana da labule mai zanen ruwa yana gangarowa daga dutse, ko dusar ƙanƙara, ko dogayen benaye. Mutanen da suka taso cikin hamada sai su tsaya gaban labulen suna gumi, a ɗauke su kamar suna ƙasar sanyi. Kai ma ka sayi irinsa, amma abin da ka yi da shi kawai shi ne rufe motarka daga rana. Ka ce garin da Allah ya ba shi wannan sarari ba ya bukatar aron kyau. Sai ka riƙa kwasar mutane kana fita da su.

Ka kai amare tudun rairayin da ke bayan filin jirgi, inda iska ke zana layuka kamar an taje ƙasa. Ka kai ɗalibai masu kammala karatu tsohon ramin fasa dutse, wanda ruwa ke kwanciya a cikinsa kore shar. Ka kai 'yan kasuwa masu tumbi ƙarƙashin gadar busasshen kogi, ka ce inuwar wurin tana rage wa mutum ƙiba. Tsofaffi kuwa gonar dabino kake kai su, don akwai wurin zama. Akwai kuma wata bishiyar ƙaya guda ɗaya tilo a kan hanyar yamma, wadda ta fito a hotunan bikin rabin garin nan. Da bishiyoyi na karɓar gaisuwa, da ta fi wasu manya jama'a. Yanzu matasa na zuwa wuraren nan da wayoyinsu suna cewa su suka gano su. Ka ji, ka yi dariya, har ka nuna musu inda za su tsaya kada rana ta kashe musu ido.

Amma a gidanmu, aikinka ya bar mana wata matsala da ta daɗe. A bikin 'yar Inna, ƙanwar Mama, ka ɗauki hoton dangi, aka wanke shi babba. Kowa ya fito cif, sai Mama: kafaɗarta da kunnenta ɗaya ne kawai suka samu shiga. Inna kuwa ta fito kamar tauraruwa, saboda haka ta sa masa gilashi ta rataye a tsakiyar falonta. Mama ta je, ta ga kunnenta a bango, ta ɗauki jakarta ta fita. Daga ranar ba su ƙara magana ba. Mun girma muna kai saƙo tsakanin gidaje biyu kamar jakadun ƙasashen da suka yanke hulɗa. Ko a asibiti, da ciwonka ya yi tsanani, sai da muka raba musu lokacin dubiya, ɗaya da safe ɗaya da yamma.

Su biyun nan Auta suke kiranka, kana da furfura da jikoki. Ka taɓa gaya mini cewa ba mutuwa ce ke damunka ba, abin da ke damunka shi ne yadda za a yi zaman makokinka, yayyenka biyu kowace a ɗakinta, masu gaisuwa suna rasa inda za su fara shiga.

A watan da ya gabaci rasuwarka, da ka ɗan samu sauƙi, ka kira kowacce a ɓoye ka ce kana son hoto na ƙarshe da ita a bakin rairayi. Babu wadda ta iya ce maka a'a. Ni ka sa tuƙi. Mun ɗauki Mama, sannan ka ce in bi ta wani layi, sai ga Inna a ƙofar gida ta sha ado. Ta buɗe ƙofar baya, suka haɗa ido da Mama. Ta shiga dai, don maƙwabta na kallo. Kowacce ta manna fuskarta a tagarta, kai kuwa kana gaba kana ba ni labarin yadda farashin batir ya tashi.

Da muka bar kwalta, ka ce in saki hanyar da motoci suka taka in bi ta dama. Na ce, "Kawu, wurin nan da laushi fa." Ka ce, "Farfesa, tuƙi aka ce ki yi, ba lacca ba." Ba mu yi nisa ba motar ta nutse har ciki. Babu gida kusa, waya ba ta kamawa. Ka fito da sandarka ka duba tayoyin, ka girgiza kai, ka ce sai an tura. Kai ba ka da ƙarfi, ni ina riƙe da sitiyari. Saura mutum biyu.

Sun fito da lesunansu masu tsada suka dafa bayan motar, kowacce a nata gefen. Na taka, tayoyi suka watsa musu rairayi. A madubi na ga bakin Mama ya motsa.

"Ke, tura mana! Shafa motar aka ce ki yi?"

"Ina turawa, Yaya. Da kin rage cin dare ai da ba ta nutse ba."

"Ji mara kunya. Ni da na goye ki?"

"Kin goye ni kin yar da ni a bakin rijiya, har yau ga tabon."

Wannan ce hirarsu ta farko bayan shekaru, kuma ban taɓa jin zagi mai daɗinta ba. Motar ta zabura gaba, Mama ta tafi da fuska cikin rairayi, Inna ta faɗi a kanta. Na tsaya na fito a guje, na same su zaune, ɗankwali ya karkace, takalmi ɗaya ya ɓace, suna dariya har da hawaye, Inna na kakkaɓe wa Mama gira. Kai kuwa kana can kan tudu, rana a bayanka, kyamara a idonka. Mutumin da ya ce ba zai iya tura mota ba ya hau tudu ba tare da an riƙe shi ba.

A hanyar dawowa na tuna cewa duk tsawon rayuwarka ba ka taɓa shiga rairayi ba sai ka rage iskar tayoyi. Ran nan ba ka rage ba. Na tambaye ka a hankali, ka ce tsufa ne, mantuwa ta yi yawa. Allah ya yafe maka wannan ƙaryar, Kawu, ina fata ma a ba ka lada a kanta.

Hoton ya fito, kuma babu wadda ta yi kyau a ciki. Bakin Mama a buɗe, idon Inna ɗaya a rufe. Guda ɗaya tak ka wanke, ka goge na cikin kyamara, ka ba matarka ka ce ta miƙa musu bayan ranka.

A zaman makokinka a kan tabarma ɗaya suka zauna, kafaɗa da kafaɗa, suna amsa gaisuwa. In ɗaya ta fashe da kuka, ɗayar ta ce mata ta yi haƙuri, sannan ita ma ta fashe. Da aka kawo hoton, sabuwar rigima ta tashi a kan wadda za ta ajiye shi. An daidaita a kan mako a gidan Mama, mako a gidan Inna, kuma kowacce da ƙafarta za ta kai wa 'yar'uwarta, don ba su yarda da mu ba. Na san kowane shagon hoto zai iya fitar musu da na biyu. Yaran gidan ma sun sani. Mun haɗa baki, babu mai faɗa musu.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, wadda ta yi haƙuri da rairayi a cikin aljihunka da kan shimfiɗa tsawon zamanku, da 'ya'yanka da jikokinka, da abokan sana'arka. Ina miƙa ta ga yayyenka biyu, waɗanda a yanzu da nake wannan rubutu suke falon Mama suna musu a kan wadda ka fi so.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya yalwata maka shi. Yadda ka haɗa zumuncin da ya tsinke kafin ka tafi, Allah ya haɗa ka da rahamarsa, ya sa Aljanna ce makomarka. Mu kuma ya ba mu haƙurin rashinka, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.