Agwagin Kalmalo da Buhun Ƙanena

Shekaru da yawa ke nan, da zarar sanyi ya shigo, duk Asabar da sassafe nakan hau babur daga Illela in nufi tafkin Kalmalo. Kallon tsuntsaye nake zuwa yi. Mutanen gidanmu sun daɗe da sa ni cikin masu taɓin hankali, wai malamin makaranta da furfura ya zauna cikin laka yana leƙen agwagi da madubin hangen nesa. Ban damu ba. Akwai dinya, akwai kirinjijiya mai fito, ga zalɓe a tsaye kamar an dasa shi. Amma waɗanda na fi so su ne ƙananan agwagin nan masu farin zane a saman ido, da ba a ganinsu sai da sanyi.

Abokin zamana wani tsohon masunci ne da nake kira Baba. Wata Asabar na tarar da shi zaune a kan kwalekwalensa, bai ko warware taru ba. Tafkin ya yi tsit.

"Malam," ya ce, "yau kam aje madubinka. Taho ka gani da idonka."

Muka bi gaɓa. Agwagi ne kwance birjik, wasu sun sandare, wasu suna shure-shure da kumfa a baki. An jiƙa dawa da maganin ƙwarin gona an watsa inda suke kiwo. Har da wata shirwa da ta ci mushen, ita ma ta faɗi da fukafukai a buɗe.

Can gaba mutum uku suna tsincewa suna cusawa a buhu. Wadda suka samu da sauran numfashi sai su sa mata wuƙa, don a ga jini a wuya a ce yankakkiya ce. Na matsa kusa, sai na gane ɗaya daga cikinsu. Ɗan kawuna ne, wanda ya tashi a gidanmu, ni na koya masa karatu.

"Kai! Mi kaka yi haka?"

Bai ko ji kunya ba. "Yaya, tsuntsayen ga na wa ne? Ba su da mai su."

"To wa zai ci naman?"

"Direbobin bakin iyaka. In an hidda kayan ciki ba ya komi."

Na fizge buhun na zazzage shi a ƙasa. Abokansa suka taso mini, Baba ya shiga tsakani da sandar tuƙi. Suka sake kwashewa a gabana, suka ɗaure a babur suka tafi.

Daga can gidan kawu na wuce, ko takalmi ban wanke ba. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Saboda tsuntsu zaka tona ma ƙanenka asiri? Yi haƙuri, ka rufe bakinka."

Ban rufe ba. Da la'asar na je wurin mai gasa naman da ake kai wa, na faɗa masa a gaban masu saye abin da ya kashe agwagin da yake gasawa. Wani direba ya tofar da lomar da ke bakinsa. Mai naman ya rantse bai sani ba, ya juye sauran a rami.

Tun ranar dangi suka juya mini baya. Aka yi suna a gidan ƙanen nawa, ko goro ba a aiko mini ba. Goggona ta aiko a faɗa mini wai na zaɓi dabba a kan jinina. Har yau babu wanda ya tambaye shi don me ya ciyar da bayin Allah guba. Wannan shi ne yake ci mini rai, fiye da gaisuwar da aka daina amsa mini.

An daina watsa dawar a gefenmu, don masunta sun sa ido. Daga baya Baba ya gaya mini su ƙanen nawa sun koma ɗaya gaɓar, inda babu kowa. Sanyin da ya biyo baya na kewaya can a ƙafa, na tarar da tarin gashin da aka fige a gindin wata ƙaya, da tokar wutar da suka ji ɗumi.