Abin da Ya Rage a Bakin Stoimen

Duk wanda ya saba jiran motar zuwa birnin Sofiya a tashar garin Pernik ya san Velika, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeriyar matar nan mai faɗin kafaɗa da ke leƙowa ta tagar ɗan shagon kwano, tana miƙo gahawa da banitsa mai zafi, wainar fulawa da ake cusa wa cuku, cukun na tsiyayowa a takarda. 'Yar mahaƙin kwal ce. Ubanta tari ne ya kashe shi, ita kuwa tun tana budurwa ta shiga kicin ɗin masana'antar ƙarfe, tana feraye dankali har yatsunta suka yi kanta.

A zauren ma'aikata ta haɗu da Stoimen, ranar da mawaƙan kiɗan rok ɗin nan, Hayaƙin Asuba, suka zo wasa garin. Zamanin ne da 'yan sanda ke tare samari masu dogon gashi su yi musu aski a bakin titi. Stoimen ya shigo da rabin kai a aske, rabi da gashi har kafaɗa, don ya kuɓuce musu ana tsakiyar aikin. Ya tsaya kusa da ita ya ce, "Zaɓi ɓangaren da ya yi miki, ɗayan na gwamnati ne." Ta yi dariya har ta ƙware. Kafin shekara ta zagayo sun yi aure.

Stoimen direban injin ɗaga ƙarfe ne, kuma Allah ya yi shi da surutu. Yana ci yana magana, yana aske gemu yana magana, in labarin Hayaƙin Asuba ne kuwa sai dai a gudu a bar shi. Ƙungiyar ta watse bayan mai kaɗa musu jita ya mutu, masana'anta ta rufe, ɗansu Kamen ya tafi Sifen neman aiki, amma bakin Stoimen bai huta ba. Ya koma taya Velika a shago, ita tana soya, shi yana gardama da masu saye.

Wata safiya yana miƙa wa wani gahawa, kofin ya suɓuce daga hannunsa, shi ma ya bi shi ƙasa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti, kalma ɗaya ce ta rage masa, ita ce "haka". In yana son ruwa, haka. In ciwo ya dame shi, haka. In Velika ta kasa gane abin da yake nufi sai ya bugi gado da hannun hagu, hawaye na zuba. Gidansu a can saman bene yake, ba lif, don haka ya zama ɗan ɗaki. Velika ta riƙa buɗe shago da asuba, ta koma gida ta hau sama ta juya shi, ta sauko, ta sake hawa. Shirun gidan ya fi komai cin ta.

Ana haka, wata rana tana wanke kwanuka rediyo ya saki tsohuwar waƙar Hayaƙin Asuba, wadda ake cewa jirgin ƙarshe ya wuce, mu muna kan dandamali. Sai ta ji wata murya daga ɗaki tana bi. Ta saki faranti ta ruga. Stoimen ne, ido a rufe, yana rera waƙar baiti bayan baiti, ba inda ya yi tuntuɓe. Da waƙar ta ƙare ta kama fuskarsa ta ce, "Kira sunana. Stoimen, ce Velika." Ya dube ta, leɓensa na rawa. Ya ce, "Haka."

Likitar da ke duba shi ta gaya mata cewa ana samun irin wannan, hanyar waƙa daban, ta magana daban, kada ta ɗora rai da yawa. Velika ta ji rabin farko ta watsar da na biyu.

A farkon bazara labari ya ɓulla cewa Hayaƙin Asuba za su sake haɗuwa, wasa ɗaya tak, a wani fili a Sofiya. Nan da nan bakin shagon Velika ya koma majalisa. Akwai Bai Trifon, tsohon mai walda da ya girme su duka, shi ya sa suke ce masa Bai, wato yaya, akwai Asparuh direban tasi, abokin Stoimen tun suna makaranta.

"Ba jita, ba Hayaƙi," in ji Bai Trifon. "Mutumin yana kabari. Wa zai kaɗa? Fatalwarsa?"

"Haba Bai Trifon, muryar Ognyan fa?" in ji Asparuh. Ognyan shi ne mawaƙin ƙungiyar, wanda ake yi wa laƙabi da Kerkeci. "Duk yaran nan da ke ihu a talabijin, daga bakinsa suka sata. Har mai gashi shuɗin nan da jikarka ke mutuwa a kansa."

"Jikata ba ta da kunne, gadon uwarta ta yi. Kai kuma tsoffi za ka je kallo, kowa da tumbi da maganin hawan jini a aljihu."

"To kai da me za ka je? Da haƙoranka na roba?"

Velika ta juya banitsa, ta goge hannu, ta ce, "Zan kai Stoimen."

Asparuh ya ce, "Velika, wannan benen fa?"

"Ku ne za ku sauko da shi. Rediyo kawai ya ji ya yi waƙa. In ya ga Kerkeci da idonsa, ya ji shi da kunnensa, bakin nan zai buɗe. Na san mijina."

Kamen ya bugo waya daga Sifen yana cewa, "Mama, don Allah kada ki wahalar da shi, ki wahalar da kanki." Ta ce masa in yana da shawara ya zo ya faɗe ta a gaban ubansa. Ta samo aron keken guragu. Ta manna hoton sanarwar wasan a bangon da yake fuskanta. Ranar da ta gaya masa, rabin fuskarsa mai rai ya yi dariya, karo na farko tun faɗuwarsa. Daga nan kullum da safe sai ya nuna hoton da yatsa, ita kuma ta ce saura kaɗan.

Ana gab da wasan aka soke shi. Ba a faɗi dalili ba. Bai Trifon ya ce da ma ya faɗa, Asparuh ya ce kuɗi ne suka raba su, har suka kusa cin kwalar juna. Velika ta hau sama, Stoimen ya nuna hoton, ta ce, "Saura kaɗan." Washegari ma haka ta ce. Ranar wasan ta zo ta wuce, tana ce masa an ɗaga. Ta daina barcin kirki. Ta ƙona banitsa har masu saye suka fara komawa shagon gaba.

Asparuh ne ya samo mata labarin cewa Ognyan na zaune a wani ƙauye a kan duwatsu, wajen ƙanwarsa. Velika ta rufe shago, ta bar Bai Trifon da jinya, ta shiga tasin Asparuh. Duk hanya yana ta ba ta baki su juya, ba ta ko dube shi ba.

Gidan ƙarami ne, da itatuwan tuffa a gaba. Wata dattijuwa ta tare su a ƙofar shinge ta ce ba ya ganin kowa, 'yan jarida ma an kore su.

"Ni ba 'yar jarida ba ce, 'yar'uwa. Banitsa nake sayarwa. Ba zan tafi ba sai na gan shi, in kin ga dama ki sako mini kare."

Hayaniyar ce ta fito da shi. Wani siririn tsoho ya zagayo daga bayan gida da bokiti a hannu, ya naɗe wuya da ƙyalle duk da zafin da ake yi. Da Velika ba ta san idanun nan daga hoton bango ba, da ta ɗauka mai aikin lambu ne. Ta riƙe shinge da hannu biyu ta zazzage masa komai, tun daga rabin aski har zuwa kalmar haka. Ta ce ba ta roƙi wasa ba, ya zo gidanta kawai, ya tsaya a bakin gado ya rera baiti ɗaya, ga mota nan.

Ognyan ya ajiye bokiti. Ya matso dab da ita, ya dafa ƙyallen wuyansa da yatsa, sannan ya yi magana. Abin da ya fito ba murya ba ce, iska ce mai ƙaiƙayi, sai da ta karkata kunne.

"An yi mini aiki a maƙogwaro. Iyakata ke nan."

Velika ta tsaya tana kallon bakinsa.

"Sun so a saki tsohon kaset, ni in riƙa motsa baki a gaban jama'a," ya ce, yana hutawa tsakanin kalmomi. "Na amsa da farko. Daga baya na kasa."

"To ka motsa mana!" Muryarta ta tashi har kaji suka watse. "Ka zo ka motsa bakin, ni zan saka kaset ɗin! Mijina bai san bambanci ba. Kai kana da kalmomi ba murya, shi yana da murya ba kalmomi, me zai rage ka in ka yi masa ƙarya sau ɗaya?"

Ya girgiza kai. "Zai sani. Irinsu ne suka fi sani."

Sai ta durƙusa a kan tsakuwa, ita da ba ta taɓa durƙusa wa kowa ba. Da ya sake girgiza kai ta miƙe ta zage shi tas. Ta ce shekara da shekaru mijinta yana kare sunansa a bakin tasha kamar ɗan uwarsa, ashe matsoraci yake karewa. Ognyan ya tsaya a inda yake, bai koma ciki ba. Asparuh ne ya janye ta zuwa mota. A hanya ta yi kuka har ta yi amai.

Da ta isa gida ta sallami Bai Trifon, ta zauna a bakin gado ta gaya wa Stoimen gaskiya duka. Ta cire hoton daga bango. Bai bugi gado ba, bai ce haka ba. Ya juya fuska, ya kuma rufe baki ga abinci. In ta saka kaset sai ya ture rediyon da hannun hagu. Asparuh ya zo da wata tsohuwar jita ya gwada, Stoimen ya nuna masa ƙofa.

Jikinsa ya fara zubewa. Wata rana da azahar Velika na tsaye a kansa da kwanon miyar wake da ta ɗumama har ta gaji da ɗumamawa. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ambaci Kamen, duk a banza. Don tsabar rasa abin yi sai ta ɗauki karin waƙar jirgin nan ta ɗora nata kalmomin a kai, da muryarta mai kaushi. Ta rera masa, buɗe baki ka sha miya, tsohon banza, ka sha miya. Ta maimaita, ta sake maimaitawa, tana buga cokali a kwano.

Stoimen ya juyo. Leɓensa ya motsa, ya kama karin a inda ta tsaya. Kalmomin suka fito a ja, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba na waƙar ba ne, nasa ne.

"Na gaji, Velika. Ki bar ni in tafi."

Kwanon ya kusa faɗuwa. Wata da watanni tana roƙon Allah ta ji sunanta a bakinsa, ga shi ta ji, haɗe da abin da ba ta so ji ba. Ta zauna a ƙasa ta jingina kai da gado. Can ta share fuska da gefen riga, ta amsa masa a cikin karin.

"Ni ma na gaji. Ba inda za ka. Sha miya."

Ya sha cokali kaɗan.

Maganar ba ta dawo ba yadda Velika ta ci buri. Abin da ya samu shi ne 'yan kalmomi, su ma sai an ɗora masa su a kan waƙa, wani lokaci su zo, wani lokaci su ƙi. Yana iya neman ruwa. Yana iya cewa gishiri ya yi yawa. A ranakun da abin ya yi masa nauyi yana maimaita waccan maganar ta a bar shi ya tafi, ita kuma ta fita baranda ta tsaya can, sannan ta dawo. Maƙwabta sun saba jin tsoffin nan biyu suna waƙa da rana tsaka, wasu na cewa ta zautu.

Da shekara ta dawo, sauran 'yan ƙungiyar suka yi wasansu da wani matashin mawaƙi. Bai Trifon da Asparuh sun je, sun dawo suna gardama, ɗaya na cewa cin amana ne, ɗaya na cewa yaron ya yi ƙoƙari. Velika ba ta je ba. Stoimen ya rasu a lokacin sanyin da ya biyo baya, ciwon huhu ne ya ɗauke shi. Kamen ya zo jana'iza ya roƙe ta ta bi shi Sifen, ta ce gwiwoyinta ba za su iya koyon sabon gari ba. Har yanzu tana buɗe shago, sai dai ta rage yawan banitsar da take yi, kuma tana rufewa da wuri.